Aro Ma Ibada Ne: Tsakanin Adakar Malam da Hannun Ɗalibi

  

Kwanakin baya na je ta'aziyya wani ƙauye a ƙasar Tudun Wada. Wani dattijon malami ne ya rasu, wanda na taɓa ɗaukar karatun nahawu a gabansa tun kafin in shiga jami'a. Bayan an yi addu'a an shafa, babban ɗansa ya ja hannuna zuwa ɗakin da ke cikin zaure, ya ce: "Malam, zo ka gane mini wani abu." Ya buɗe adaka biyu na ƙarfe. Littattafai ne maƙil, na tafsiri da fiƙihu da hadisi da lugga, waɗansu bugun Misira, waɗansu bugun Bairut, ga kuma Alƙur'ani rubutun hannu a cikin gafakarsa. Da muka ɗaga na sama sai muka tarar gara ta shigo ta inda gindin adakar ya yi tsatsa, ta cinye na ƙasa. Juzu'i uku na Fathul Bari sun koma ƙasa, sai bango kawai. Marigayin ya shekara bakwai idanunsa ba sa gani, kuma a tsawon shekarun nan babu wanda ya yi ƙarfin halin neman mabuɗin.

A makon nan dai, a Islamiyyar da nake koyarwa a ƙasar Kiru, na ga wani ɗalibina da ya zo daga wajen Riruwai yana ɗaukar hoton shafukan littafin abokinsa da wayar wani abokin daban, domin su huɗu ne ke karatu da kwafi ɗaya. Yaron mai ƙwazo ne, kuɗin littafi ne babu. Tsakanin adakar can da hannun yaron nan tafiyar mota ce da ba ta kai wuni ba. Abin da ya raba su ba nisa ba ne, rashin tsari ne, kuma a kan wannan nake son mu tattauna.

Zan fara da wani abu daga wajen Yahudawa, kuma ina roƙon mai karatu ya yi haƙuri ya ji ƙarshen zance kafin ya yanke hukunci. Kayan ibadarsu suna da tsadar gaske. Akwai abin da suke kira tefilin, wato 'yan ƙananan akwatuna biyu na baƙar fata masu igiya, waɗanda namiji ke ɗaura ɗaya a damtse ɗaya a goshi lokacin addu'ar safe, tun daga shekara 13. A cikinsu akwai yankuna huɗu na Attaura da ƙwararren magatakarda ya rubuta da hannu a kan fata, kuma kuskuren harafi ɗaya na iya ɓata su. Kuɗinsu yakan tashi daga ɗaruruwan daloli har ya haura dubu. Ita kuwa cikakkiyar Attaurar da suke karantawa a majami'arsu, naɗaɗɗiyar fata ce mai haruffa 304,805, magatakarda kan shafe kimanin shekara guda ko fiye yana rubuta ta, kuma kuɗinta dubun dubatar daloli ne.

To yaya talakansu ke yi? Suna da wata al'ada da suke kira gemak, wadda taƙaitawa ce ta wasu kalmomi biyu na Ibrananci masu nufin aikata alheri. Mutum ɗaya, ko wata uwar gida, ko majami'a, sai su ware ɗaki ko kabad su tara wani nau'in kaya, su sanar da jama'a cewa duk mai buƙata ya zo ya ara kyauta. Akwai na tefilin, domin wanda nasa ya ɓata ko aka kai gyara. Akwai na rigunan amare, da na kujerun zaman makoki, da na kuɗi ba tare da ruwa ba. Wani ya fara ƙarami ya zama babba: ƙungiyar Yad Sarah da Uri Lupolianski ya kafa a birnin Ƙudus a 1976 ta shahara da ba da aron kekunan guragu da sauran kayan jinya. Wanda ya fi tsaya mini a rai shi ne na naɗaɗɗun Attaura guda 1,564 da suka rage bayan an hallaka al'ummomin Yahudawan ƙasar Cek a Yaƙin Duniya na Biyu. A 1964 aka kwashe su daga birnin Firag zuwa wata majami'a a Landan, aka gyara waɗanda za su gyaru. Ba a sayar da su ba, ba a kuma kulle su duka a ɗakin tarihi ba. Aka rarraba su ga majami'u da makarantu a ƙasashe daban-daban da sunan aro na dogon zango, kowace da lambarta, mallakarta na nan a hannun amintattun da ke kula da su.

Na san wani zai ce: Malam, duk duniya ka rasa wanda za ka kawo mana misali da shi sai Yahudawa, ana cikin abin da ake ciki a Gaza? Amsata ita ce, zaluncin da gwamnatin Isra'ila ke yi wa Falasɗinawa zalunci ne, ban kuma sassauta masa ba. Amma uwar gidan da ke ajiye rigar amarya domin 'yar talaka ba ita ce mai jefa bam ba, kuma addininmu ya hore mu da yin adalci ko ga wanda muke ƙi. Game da kamanceceniya da aka hana kuwa, wannan a cikin aƙida da ibada da alamomin addininsu ne. Ban ce a ɗaura tefilin ba. Dabarar haƙa gwalalo a yaƙin Ahzab daga Farisa Salmanu ya zo da ita, haka nan diwanin da Sayyidina Umar ya kafa domin rubuta sunayen masu haƙƙi a baitulmali, daga tsarin wasu al'ummu aka ɗauko shi. Ballantana ma abin da nake magana a kai namu ne tun asali, mu muka bar shi ya kwanta.

Duba Suratul Ma'un, wadda yaranmu na ajin farko ke rerawa kowace yamma. Ta rufe ne da zargin masu riya da masu hana ma'un. Menene ma'un? Wasu magabata sun fassara shi da zakka. Amma Abu Dawuda ya ruwaito daga Abdullahi ɗan Mas'ud cewa a zamanin Manzon Allah (SAW) suna ɗaukarsa a matsayin aron guga da tukunya. Guga da tukunya fa! An haɗa mai hana su a sura ɗaya da mai sakaci da salla. Mafi yawan malamai sun tafi a kan cewa ba da aro mustahabbi ne, amma Ibnu Taimiyya ya ga wajibcinsa a kan wanda ya wadatu ga barin abin. Idan haka ne hukuncin tukunya, ina ga littafin da mai shi ba ya karantawa, ga kuma mai neman sanin hukuncin sallarsa a bakin ƙofa?

Madina ta Manzon Allah (SAW) gari ne na aro. Da ya umarci mata su fita Idi, wata ta ce ɗayarmu ba ta da mayafi, bai ce ta zauna a gida ba, cewa ya yi 'yar uwarta ta sa mata daga nata. Wannan yana cikin Buhari da Muslim ta hanyar Ummu Aɗiyya, kuma shi ne ainihin batunmu: kayan da ibada ke buƙata, wanda ba shi da shi ya samu ta hanyar aro. Buhari ya kawo cewa Nana A'isha tana da wata riga wadda kusan duk macen da za a yi wa kwalliyar aure a Madina sai an aiko an are ta. Rigar nan ita ce rumbun aro na farko da na sani a tarihinmu. Ita ma Nana A'isha sarƙar yayarta Asma'u ta ara, ta ɓata a hanya, aka tsaya nema babu ruwa, a nan ne hukuncin taimama ya sauka. Shi kansa Annabi (SAW) ya ari dokin Abu Ɗalha, ya kuma ari sulkuna daga Safwanu ɗan Umayya a shekara ta 8 bayan hijira zai tafi Hunainu, alhali Safwanu bai musulunta ba a lokacin, ya kuma tabbatar masa cewa aro ne mai lamuni. Duk wanda ke jin kunyar aro ya tsaya a nan ya yi tunani.

A ƙasarmu ta Sudan ma haka abin yake. Shehu Ahmad Baba na Tumbutu, wanda ya rasu a 1627, ya ba da labarin malaminsa Muhammadu Bagayogo cewa yakan ba ɗalibi aron littafinsa mafi daraja ko da bai san daga inda ya fito ba, ba ya kuma bin sawu, har ya yi asarar littattafai masu yawa ta haka. A zamanin da takarda ke ratso hamada a bayan raƙumi, kuma alaramma ke shafe watanni yana rubuta Alƙur'ani guda, da aro ilimi ya yaɗu: ka aro, ka kwafa, ka mayar. Da kowane malami ya kulle adakarsa, da Risala da Ishiriniya ba su iso Kofa da Yako da Burji ba.

Wani abin sha'awa (ku yafe wa malamin Larabci in ya ɗan ratse) shi ne yadda harshen Hausa ya raba abin da fiƙihu ya raba. Bahaushe ba ya cewa ya ari gero, rance yake cewa, domin wanda ya ci ba shi zai mayar ba, kwatankwacinsa zai mayar. Ba ya kuma cewa ya ranci fartanya, aro yake cewa, domin ita ɗin dai za ta koma. Wannan shi ne bambancin ƙardu da ariya a littattafanmu, ba ragi ba ƙari. Al'ummar da harshenta ya tace mas'ala haka ba baƙuwar aro ba ce. Har yau ma akwai abu ɗaya da ba mu taɓa saɓawa a kansa ba: makara. Babu gidan da ke sassaƙa tasa. Tana jingine a masallaci, attajiri da almajiri a kanta ake ɗaukar su, a wanke a mayar. Mun yarda da rumbun aro ga matattu, rayayyu ne muka bari kowa tasa ta fisshe shi.

Kuma lokacin ya matsa. Tun da aka saki Naira a watan Yunin 2023, dala ta tashi daga ƙasa da Naira 500 a farashin gwamnati ta haura 1,500 a cikin 2024, littattafan Larabci kuwa kusan duk daga waje ake shigo da su. Wanda ya saba zuwa rumfunan littattafai na kasuwar Kurmi ya san yadda mutum kan ɗauki littafi ya shafa bangonsa ya tambayi kuɗi ya ajiye. Manyan ɗakunan karatu, irin na Murtala Muhammad da na Jami'ar Bayero, a birni suke. Ɗalibin Doguwa, wanda iyakar Kaduna da ta Bauci suka fi masa kusa a kan birnin Kano, sai ya ratsa dajin Falgore kafin ya ga ko da ƙofarsu. Za a ce ai komai yana waya yanzu. Gaskiya ne, ni ma ina amfani da ita. Sai dai wayar tana son caji da data, kuma na ga yadda yaro kan buɗe ta da niyyar muraja'a ya ƙare a TikTok. Tsohuwar da ke son Alƙur'ani mai manyan baƙi, da makahon da ke son na rubutun makafi mai juzu'ai da yawa, wayarka ba ta share musu hawaye ba.

To me ya kashe aro a tsakaninmu? Abu biyu na gani. Na farko kunya. Mun ɗauki karin maganar nan ta zanen aro ba ya rufe katara mun mayar da ita kamar nassi, alhali gargaɗi ce ga mai taƙama da abin da ba nasa ba, ba ga mai buƙata ba. Sakamakon haka uba ya gwammace ya ci bashi ya ɗinka wa 'yarsa kayan walimar sauka da za ta sa na yini ɗaya, ko kuwa ya hana ta zuwa gaba ɗaya. Na ga yarinyar da ta fi kowa tilawa a ajinta ta yi ciwon ƙarya ranar walima saboda hijabin anko. Wannan ya daɗe yana ci mini rai, domin makarantar tamu ce ta ƙirƙiro ankon, ba sharia ba. Da an ɗinka guda talatin an ajiye a makaranta, kowace shekara a wanke a goge a ba masu sauka, da babu wanda zai san 'yar wa ke da shi, 'yar wa ba ta da shi.

Na biyu, kuma shi ya fi ƙarfi, cin amana. Masu kulle adaka ba duka ne marowata ba, da yawansu an cuce su ne. Ni ma an taɓa karɓar juzu'i na biyu na wani tafsiri a hannuna da sunan kwana uku, yau shekara shida, sauran juzu'an na nan a kanta kamar baki mai giɓi. Kuma don kada in wanke kaina: da na zauna rubuta wannan na duba kantata, na tarar da littattafai biyu masu ɗauke da sunayen wasu. Na mayar da ɗaya, ina neman mai ɗayan. An ruwaito cewa Imamu Zuhri yana ɗaukar riƙe littafi ga barin mai shi a matsayin wani nau'i na gululu, wato ɓoye ganima. Kaɗan daga cikinmu ne za su tsira daga wannan.

Sai dai fiƙihunmu bai bar mai kaya a hannun ƙaddara ba. A mazhabar Malikiyya, kamar yadda kowane ɗalibin Risala ya karanta, abin aro iri biyu ne. Wanda ake iya ɓoyewa, kamar littafi da tufa da kayan ado, idan mai aro ya ce ya ɓata to zai biya, sai fa in ya kawo shaidar cewa ya halaka ba da sakacinsa ba. Wanda ba a iya ɓoyewa, kamar dabba ko gida, ba ya biya sai in an tabbatar da ƙaryarsa ko ta'addancinsa. Hukuncin yana nan a rubuce fiye da shekara dubu, mun haddace shi domin jarrabawa, ba mu taɓa ɗora shi a kan littafin da muke karanta shi a ciki ba. Abin da waɗancan mutane suka fi mu da shi a nan ba yawan tausayi ba ne. Rajista ce, da wa'adi, da mutum ɗaya sananne da ke riƙe da mabuɗi.

Akwai kuma wata ƙofa da mazhabarmu ta buɗe wadda mutane da yawa ba su sani ba. Malikiyya sun halatta hubusin abin da ake iya ɗauka, kamar littafi, sun kuma halatta hubusi na ƙayyadadden lokaci. Ma'ana, ba dole ne ka rabu da littattafanka har abada ba. Kana iya cewa na tsayar da su ga ɗaliban wannan masallaci na shekara biyar, bayan nan su dawo gare ni ko ga magadana. Wannan yana warware matsalar gado, wadda ita ce ke sa littattafan malamai ruɓewa: ba su rabuwa ba tare da an lalata su ba, babu mai son a ce ya sayar da littattafan ubansa, sai a kulle a jira, gara kuwa ba ta jira. Amma a kula, in akwai marayu ƙanana a cikin magada, ba a yin kyauta da rabonsu, sai a ƙiyasta a biya su ko a ware musu nasu.

Ba komai ne ke aruwa ba, kada zumuɗi ya kwashe mu. Ragon layya ba a aronsa, likkafani ma haka, domin ba sa dawowa, waɗannan babin sadaka ne. Amma harami yana aruwa. A shekarar 2025 kujerar Hajji ta haura Naira miliyan 8, kuma da yawa daga maniyyatan karkara sai sun sayar da gona ko shanu suke cikawa, duk abin da aka rage musu taimako ne. Na san wasu alhazai na ajiye haraminsu domin a yi musu sutura da shi, ban hana su ba, amma wanda ya je sau uku fa? Lasifika da batirin sola na tafsirin azumi suna aruwa, su kan yi wata goma sha ɗaya a kulle alhali makarantar da ke bayan masallacin na neman na musabaƙa. Tabarmi da rumfa da butocin zaman makoki, keken guragu da tsoho zai je Idi da shi, allon zayyana ga mai sauka da ba shi da kuɗin mai zayyana, duk suna aruwa. Sai a lura da ƙira'a wajen tara Alƙur'anai: gardin tsangaya Warshu yake karantawa, ɗan Islamiyya Hafsu, in ka ba wannan na wancan ka rikita shi.

Ba na son mu jira hukuma. Jihar Kano tana da Hukumar Zakka da Hubusi, Allah ya taimake ta, amma wannan aiki na unguwa ne, inda kowa ya san gidan kowa, domin sanayya ita ce jinginar talaka. Ku matasa da ke karanta wannan, ku ne kuka iya rubutu da lissafi, ku ne ke da zaurukan WhatsApp na tsofaffin ɗalibai daga Tiga har Kwanar Ɗangora. Kabad ɗaya ake buƙata, wanda aka ɗaga daga ƙasa saboda gara da laima, da littafin rajista, da hatimi a shafin farko na kowane littafi, da wa'adin mako biyu, da mai tsaya wa baƙo. Kada a karɓi ko kwabo da sunan haya, in ba haka ba ya tashi daga aro ya koma ijara, hukuncinsa ma ya canza. Kada kuma a kira sunan mai aro a lasifika, ko don a kunyata wanda ya makara. A aika masa da mutum a asirce. Wasu kaya za su ɓata duk da haka, wannan babu makawa. Bagayogo ya yi asarar littattafai a hannun ɗalibai, malamina na Tudun Wada ya yi asararsu a bakin gara, ni dai na san wadda zan zaɓa.

Mu a makarantarmu mun fara da abin da ya sawwaƙa: littattafai arba'in da ɗaya daga kantata da ta abokan aikina biyu, da hijabai goma sha biyu da matan unguwa suka haɗa kuɗi suka ɗinka. Sunan da aka fara rubutawa a rajistar na yaron nan ne na Riruwai, ya kuma dawo da littafin kwana biyu kafin wa'adi, ya naɗe masa bango da takardar siminti. Su kuwa magadan malamina, na rubuta musu bayanin hubusi na wa'adi da Hausa da ajami, sun ce za su zauna bayan sadakar arba'in. Kafin nan na roƙi babban ɗan ya ɗora adakun a kan bulo, ya kuma shanya abin da ya rage.